Baburin da Ya Ƙi Isowa

Shafi na 17

Masu cika min akwatin saƙo tun shekaranjiya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sassauta min, yatsu biyu nake rubutu da su kamar kowa. Wadda ta ce in na sa Guguwa ya hau mai taya uku za ta daina karantawa, na ga saƙonki, na kuma adana shi. Mu je.

*

"Nan da sati biyu, in Allah ya so."

Garejin ya kaure da dariya. Har Injiniya da ke tsugune gaban wani tsohon babur sai da ya ajiye sufana ya dafe ciki.

"Dila, wai wannan sati biyun naka ciki gare shi?" in ji Tica. "Kullum sai ya haifo wani sati biyun."

Dila ya goge fuska da hankici. "Ni me zan yi? Kamfani ne. Yau su ce kaya na kan ruwa, gobe su ce ba a gama haɗawa ba. Ni ma jira nake kamar ku."

Guguwa bai yi dariya ba. Yana kan benci, ya miƙe ƙafar hagu, sandarsa jingine da bango. Su bakwai ne 'yan ƙungiyar da ke fita yawon babur duk ƙarshen mako, su bakwai suka rubuta suna a shagon Dila suna jiran sabon samfurin, kuma sunansa ne a sama. Daga gadon asibiti ya aika aka rubuta, sati uku bayan motar ɗaukar kaya ta murƙushe masa tsohon baburinsa ta bar shi da ƙarfe biyu a gwiwa. Wata biyar ke nan suna jin "sati biyu".

Shekara goma sha biyu shi ke gaba in an jeru a titi. Yanzu ƙaninsa Auta ne a gaba.

"Shi ya sa na taho muku da wannan, ku ɗan taɓa kafin nan," in ji Dila. Ya yaye tamfol daga kan abin da ya ajiye a bakin ƙofa.

Ja ne, taya biyu a gaba, ɗaya a baya, kujerarsa da faɗi kamar ta falo.

Gajere ya zagaya shi sau biyu, hannu a baya. "To wannan babur ne, ko mota ce ba ta gama girma ba?"

"Ka yi ta ba'a," in ji Tica. "Ni dai na fara tunani. Bayana ya gaji. Wannan ko a danja ka tsaya ba sai ka sauke ƙafa ba."

"Taya uku za ka riƙa canjawa," in ji Injiniya. "Kuma ran da hanya ta cushe, nan za ka tsaya ku yi ta kallon juna da masu mota. Ba kurɗawa."

"Yana kwanciya a kwana?"

"Ba ya kwanciya. Murɗa kan za ka yi da ƙarfin damtse."

"To ina daɗin babur in ba ka kwanta a kwana ba?"

"Ina daɗin kwanciya a asibiti?" in ji Auta.

Kowa ya waiwaya. Auta ya taso daga inda yake, ya dafa kujerar mai taya ukun yana shafawa kamar shi zai sayar.

"Na gwada shi jiya. Wallahi yana da gudu, kada ku raina shi. Birkinsa ya fi na duk wanda ke cikin garejin nan. Ko ruwa aka yi ba ya zamewa. Yaya, zo ka zauna a kai ka ji."

Guguwa ya ɗago ido a hankali. "Mu bakwai ne a nan. Me ya sa ni?"

"A'a, kawai dai…"

"Ai kamar don kai aka ƙera shi," in ji Gajere, bakinsa ya riga hankalinsa. "Ka ga ba sai an nemo maka keken gura…"

Ya haɗiye sauran. Injiniya ya koma kan sufanarsa. Tica ya shiga karanta rubutun jikin wata gwangwanin mai kamar jarrabawa za a yi masa.

A cikin shirun nan ne wayar da ke caji a gefen Guguwa ta yi haske. Ta Auta ce. Bai yi niyyar dubawa ba, idonsa ne ya faɗa.

Sunan mai saƙon: Matar Yaya.

"Ya hau kuwa? Don Allah kada ka bari ya gane komai. Ƙarfe huɗu, inda muka saba."

Hasken ya mutu. Guguwa ya ci gaba da kallon baƙin gilashin.

Inda muka saba.

Sai abubuwa suka fara jeruwa a kansa, waɗanda da ya riƙa ture su gefe. Yadda take fita baranda in wayarta ta yi ƙara, ta ja ƙofa. Yadda suke yin shiru ita da Auta in ya shigo falo yana dogara sanda. Ranar da ya ji ta tana dariya a kicin, irin dariyar da bai ƙara ji ba tun kafin hatsarin, ya leƙa ya ga Auta ne tsaye yana ba ta labari da hular kwano a hannu, ƙafafunsa biyu lafiya lau a ƙasa.

Ya ɗauki sandarsa.

"Yaya, in sauke ka gida?"

"Ƙafata ta san hanya."

*

Matarsa na gugar kayan makarantar yara lokacin da ya shiga. Ta ɗago da murmushi.

"Baban yara, har ka dawo? Yaya gareji? Dila ya zo da wani labari?"

"Wane labari kike jira?"

"A'a, na babur ɗin mana."

"Sati biyu."

"Ayya." Ta juya rigar ta ci gaba. "Ka san jiya na ga irin masu taya ukun nan a waya? Wallahi sun burge ni. Har da wurin jingina baya."

"Tun yaushe kika fara kallon babura a waya?"

Dutsen gugan ya tsaya a wuri ɗaya.

"Gani na yi kawai."

"Za ki fita yau?"

"Eh, da yamma. Zan leƙa ƙawata, ba ta jin daɗi."

"Wacce?"

"Ta wajen aikinmu. Ba ka san ta ba."

"Rigar na ƙonewa."

Ta ɗaga dutsen da sauri. Ya wuce ɗaki ya zauna bakin gado, takalminsa ma bai cire ba. Shekara goma sha ɗaya suna tare, bai taɓa kama ta da ƙarya ba, shi ya sa bai san haka ta iya ba. Ko ƙiftawa ba ta yi.

Ƙarfe huɗu saura kwata ta leƙo, ta sa turare.

"Na tafi. Abincinka na kan tebur."

"A gaishe da mara lafiya."

Tana shiga tasi ya tare wata tasin da ke bayanta. "Bi waccan," ya ce wa direban, "kada ka matsa kusa." Direban ya kalle shi ta madubi, ya kalli sandar, ya ja mota.

Ba unguwar ma'aikata suka nufa ba. Layin masu sayar da kayan gyara suka bi, suka wuce shagon Dila, suka karya ta lungun baya. Ta sauka a gaban wani sito mai ƙofar ƙarfe. Baburin Auta na kafe a gefe, salansarsa ko hucewa ba ta yi ba.

Ta waiwaya hagu da dama. Ta shiga.

Guguwa ya sauka. Taku ashirin ne tsakaninsa da ƙofar, bai taɓa jin tafiya mai nisan wannan ba. Ya ɗaga sandar sama don kada ta yi ƙara, ya ja ƙafar a haka.

Muryarta ya fara ji.

"Ni na gaji. Kullum in kalli idonsa in yi masa ƙarya. Yau sai da ya tsare ni da tambaya."

"Ki ƙara haƙuri, Anti," in ji Auta. "Saura kaɗan. In ya sani yanzu, ni da ke ba mai tsira."

Guguwa ya sa kafaɗa ya banke ƙofar.

Ta saki ƙara. Auta ya yi baya har ya ci karo da tarin tayoyi. Can ciki, Dila ne zaune kan kwali da kwalbar ruwa a hannu, ya miƙe tsaye ruwan na zuba a takalminsa.

"Ku ci gaba," in ji Guguwa. "Me zan sani?"

"Yaya…"

"Kada ka kira ni. Ke, wannan ce ƙawar taki? Jikin nata da sauƙi?"

"Baban yara, ka tsaya ka ji…"

"Uwa ɗaya ta haife mu!" Ya nuna Auta da sanda. "Ka karɓi gaban layi, na yi shiru. Mutanena sun koma yi maka tafi, na yi shiru. Bai ishe ka ba sai ka shigo min gida? Don ka ga ina jan ƙafa?"

Auta ya buɗe baki ya kasa rufewa. Matar ta dafe ƙirji.

"Abin da ka ɗauka ke nan?" ta ce a hankali. "Ni? Da Auta?"

"Na karanta da idona. Inda muka saba."

Ta juya ta kalli Dila. "Buɗe masa."

"Madam, ai mun yi da ke…"

"Na ce ka buɗe masa. Gara ya tsane ni a kan gaskiya da ya kalle ni da wancan idon."

Dila ya taka zuwa kusurwa, ya kama bakin wani shuɗin tamfol ya ja.

Baƙi ne wuluk, da siririn layin azurfa a gefen tanki. Irin launin da ya zaɓa. Irin kujerar da ya zaɓa. Hoton da ya kwana yana kallo a gadon asibiti, ga shi tsaye a gabansa yana sheƙi.

Sandar ta sulale daga hannunsa.

"Tun yaushe?"

Dila ya kalli ƙasa. "Sati shida. Guda ɗaya suka turo, na wanda sunansa ke sama. Na sauran da gaske ba su iso ba, wallahi a nan ban yi ƙarya ba."

"Sati shida ina zuwa shagonka kana ba ni kujera."

"Ni na roƙe shi," in ji matar. "Ni na je har shago na yi masa kuka. Auta ma ni na jawo shi ciki."

Guguwa bai ko kalle ta ba. Ya dafa bango ya matsa kusa, ya ɗora tafin hannunsa a kan tanki. Sai ya lura babu leda a kujera. Ya duba tayar baya, gefenta ya cinye har ƙarshe, irin cin da taya ke yi in an kwantar da babur a kwana. Makulli na jiki. Ya murɗa, allon ya kawo haske.

Kilomita ɗari uku da goma sha biyu.

"Wa ya hau min babur?"

Dila ya saci kallon Auta.

"Na ce wa ya hau min babur?"

"Ni ne," in ji Auta. "Dila ya ce in an bar shi a ajiye batir zai mutu, sai a riƙa ɗan tayar da shi…"

"Ɗari uku da goma sha biyu? Batirin jirgin sama ne?"

Auta ya duƙar da kai. Sai kuma ya ɗago kai, fuskarsa ta canja.

"To na hau. Na hau, Yaya, kuma na ji daɗinsa. Ranar farko zagaye ɗaya na ce zan yi, ban san lokacin da na bar gari ba. Ka san tun yaushe nake bin bayanka? Tun ina sakandare jar fitilarka nake kallo. Tsohon baburinka nake gada, tsohuwar hularka, tsohon jaket ɗinka. Ko a gareji ba wanda ya san ni sai da ƙanin Guguwa. Wata shida ina gaba, duk inda muka tsaya shan ruwa sai wani ya ce, da Guguwa ne da tuni mun isa. Sau ɗaya a rayuwata na hau abu kafin kai. Sau ɗaya!"

"Ashe daɗi ka ji da mota ta take ni."

"Ni na ɗauke ka daga kan kwalta! Jininka a rigata!"

"Ka ɗauke ni, ka ɗauki wurina."

"Ya isa!" in ji matar.

Amma idon Guguwa ya riga ya sauka kan wani abu. Matakan ƙafa na baya, na fasinja. A naɗe suke zuwa daga kamfani. Waɗannan a buɗe suke, duka biyun.

Ya nuna su da yatsa. Muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Wa ka ɗauka?"

Auta ya kawar da kai.

"Ni ce," ta ce.

Ya juyo gaba ɗaya.

"Ke? Ke da shekara goma sha ɗaya ina roƙonki ki hau bayana ko zuwa bakin titi, ki ce jiri kike ji? Ke da ko a tsaye ba ki taɓa zama kan baburina ba?"

"Sau ɗaya ne."

"Kika riƙe shi a ina?"

"Baban yara!"

"Tambaya na yi. A kafaɗa ko a kugu?"

"Ƙarfen baya na riƙe, idona a rufe, ina ta salati har muka dawo!" Hawaye suka zubo mata. "So na yi in ji. So na yi in san mene ne a cikin abin nan da ya sa mutum zai tashi daga hannun likitoci da ƙarfe a ƙafa, abu na farko da zai tambaya ba 'ya'yansa ba, baburinsa. Shekara goma sha ɗaya ina raba ka da ƙarfe. In na yi kwalliya ba ka gani, amma ƙura ta sauka kan tanki sai ka gani daga falo. Na ce bari in hau in ji abin da ya fi ni."

"Kin ji?"

"Na ji. Shi ya ƙara tsorata ni."

Ta zuge jakarta, ta ciro wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa.

"Ranar da aka ɗauki hoton ƙafarka na ƙarshe, da ka fita, likita ya tsayar da ni. Ya ce tafiya za ka yi, har sandar ma za ka ajiye. Amma gwiwar ba za ta ƙara ɗaukar nauyi na farat ɗaya ba. Ya ce in ka tsaya da babur mai nauyi ya rinjayo ta hagu, ƙafar za ta karye daga inda aka ɗaure ta, kuma wannan karon ba su da abin da za su ɗaura. Yankewa za su yi."

Dila ya juya baya. Auta ya sunkuyar da kai.

"Ni ya kamata ya gaya wa."

"Ya fara gaya maka, ka ce masa shi ƙashi ya sani, kai babur ka sani. Ka manta?" Ta miƙo takardar. "Shi ya sa muka sa Dila ya kai mai taya ukun nan gareji. Muka ce ko za ka zauna a kai ka ji ya yi maka, ka zaɓa da kanka, ba tare da wani ya ce maka ba za ka iya ba. Za ka koma gaban layinka. Ba wanda zai ƙara bin bayan Auta."

Bai karɓi takardar ba.

"Tica ya sani?"

Matar ta kalli Auta.

"Injiniya fa? Gajere?"

"Tica kawai," in ji Auta. "Shi ya ce zai fara yabonsa don kada ka zargi…"

Guguwa ya yi wata irin dariya marar sauti. Ashe har ciwon bayan Tica shiri ne. Ashe duk safiyar nan wasa ake yi, shi kaɗai ne ɗan kallo.

Ya kama kan baburin da hannu biyu.

"Baban yara, me za ka yi?"

Ya tsaya kan ƙafar hagu, ya cije leɓe, ya wurga ta dama ta haye kujera. Zafi ya tsarga masa har ƙeya, bai nuna ba. Ya zauna. Kujerar ta karɓe shi kamar an auna. Ya danna maɓalli, injin ya tashi da wani gurnani mai kauri da ya cika siton, kwalaben da ke kan kanta suka hau rawa.

"Dila, wangale ƙofa."

"Ranka ya daɗe, don girman Allah…"

"Baburina ne ko naka?"

Dila ya ja ƙofar, hasken yamma ya shigo har kan tayar gaba. Matar ta sha gabansa, ya kalle ta kallo ɗaya, ta matsa gefe tana toshe baki da takardar.

Ya miƙar da baburin, ya sa dunduniya ya ture ƙarfen jinginar.

Nauyin ya taho ta hagu. Ya ji shi yana sauka kan gwiwar, ya ji ƙafar ta fara kakkarwa, gumi ya keto masa. Sai kuma nauyin ya tsaya cak. Baburin ya daidaita, ya yi masa sauƙi kamar keke.

Murmushi ya fara zuwa bakinsa. Ya ɗaga ido don ya nemi fuskar matarsa a madubi.

Fuskar Auta ya gani. Ya durƙusa a baya, ya kama ƙarfen kujera da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun fito, shi ke ɗauke da baburin gaba ɗaya.

"Cika shi," in ji Guguwa.

"Yaya, wallahi in na saki…"

"Auta, kada ka saki!" ta faɗa da ƙarfi. "Na haɗa ka da Allah kada ka saki!"

Guguwa ya matse kuloci, ya taka giya. Ƙarar shigarta ta amsa a cikin siton.

"Ka hau min babur. Ka ɗauki matata. Wannan ɗayan ka bar min shi." Idonsa na cikin na ƙaninsa ta madubi. "Na ce ka cika."

Auta ya kalli matar yayansa. Ya kalli ƙafar da ke rawa a ƙasa.

Ya buɗe hannuwansa.